Naman Kaza Na Daji: Wanne Ake Ci, Wanne Ke Kisa?

Da zarar ruwa ya zauna a kudancin Kano, tun daga watan Yuni har zuwa marka a Agusta, naman kaza yakan fara ɓullowa a gindin suri, a bakin gonakin masara, a makiyaya, da ƙarƙashin itatuwan doka na dajin Falgore. Wasu suna kiransa laimar kwaɗi. Ƙasar Doguwa da Tudun Wada ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga inuwa ga danshi, shi ya sa mata masu zuwa itace da yara masu kiwo da manoma suke yawan cin karo da shi. Kuma yana zuwa ne a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, nama ya yi tsada. Ƙwarya ɗaya tana iya gyara miyar gida guda.

Naman kaza abinci ne mai amfani. Yana da furotin, da bitamin na rukunin B, da sinadarin fotasiyam, kuma ba shi da kitse sosai. Sai dai a cikin dubban nau'o'insa akwai 'yan kaɗan da hula ɗaya tak ta isa ta kashe babban mutum. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne tukunya ɗaya ake ci, don haka idan kuskure ya faru, uwa da uba da yara ne suke kwantawa a dare guda.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ita ce ginshiƙin duk abin da za ka karanta a nan.

Fara da sanin sassan jikinsa

Abin da kake gani a saman ƙasa kamar ɗan itace ne kawai. Ainihin halittar wasu fararen zare-zare ne kamar saƙar gizo-gizo, suna yaɗuwa a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen icce ko gidan gara. Idan ruwa ya wadata sai su turo naman kaza waje domin ya watsa iri.

Sassa biyar ake dubawa kafin a yanke hukunci:

- Hula: saman da ke buɗewa kamar laima.
- Shafuka: siraran layukan da ke ƙarƙashin hula, jere kamar shafukan littafi. Daga nan ƙurar iri take zubowa.
- Kara: sandar da ke ɗauke da hula.
- Zobe: wata 'yar fata da ke kewaye da karan wasu nau'o'in, kusa da hula.
- Gindi: ƙarshen kara da ke cikin ƙasa. Wannan shi ne sashen da aka fi bari a baya, alhali shi ya fi kowanne ba da labari.

Wanda ya yanke naman kaza da wuƙa daga saman ƙasa ya baro shaidar a daji. A tono shi gaba ɗaya.

Na suri: wanda aka fi ci a ƙasarmu

Naman kazan da aka fi sani kuma aka fi ci a faɗin Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Termitomyces. Gara ce take noma shi. A cikin gidanta tana tara tattaunannen ciyayi da icce, ta shuka zare-zaren a kai, su narkar mata da abincin. Da damina sai ya huda ƙasa ya fito. Yana da nau'o'i da dama, daga ƙanana kamar kan yatsa har zuwa wani da faɗin hularsa kan kai mita ɗaya.

Ga alamomin manyan nau'o'insa, kuma tare ake neman su:

- Yana fitowa a kan suri ko kusa da shi, ko a inda gara take da gida a ƙarƙashin ƙasa.
- A tsakiyar hular akwai tsini ko ɗan tudu mai tauri, wanda ya huda ƙasa da shi.
- Idan ka bi karan da tono za ka ga ya zarce ƙasa kamar doguwar saiwa, yana siririncewa, har ya kai gidan gara.
- Babu jaka ko ƙoƙo a gindinsa.
- Shafukansa farare ne, suna komawa ruwan hoda mai haske idan ya manyanta. Ba sa yin kore.

Akwai wani ƙaramin nau'insa da ke fitowa ɗaruruwa a wuri ɗaya a kan ƙasar da gara ta turo waje, shi ba shi da doguwar saiwa. Wanda bai tashi yana tsinkarsa tare da masana ba ya bar shi, domin ƙananan naman kaza su ne mafi wuyar bambancewa.

Ka lura da wani abu: tsirowa kusa da suri ba ta mayar da naman kaza na suri. Mai guba yana iya fitowa taku biyu daga gindin surin, a kwashe su tare a ƙwarya ɗaya.

Masu kama da shi da ke cutarwa

*1. Mai koren ciki.* Sunansa a wurin masana Chlorophyllum molybdites, kuma yana ko'ina a ƙasashe masu zafi. Babba ne, fari, mai ban sha'awa, da ɗigo-ɗigon ɓawo ruwan ƙasa a kan hula, da zobe a kara. Yana son fili mai ciyawa, makiyaya, filin makaranta, da wurin da aka zuba taki, wani lokacin a jere a kewaye kamar da'ira. Shi ake wa kallon kitse alhali rogo ne. Idan ya manyanta shafukansa sukan koma kore-kore mai toka, amma yana ƙarami farare ne tas, kuma a lokacin ne aka fi son tsinkarsa. Ba shi da tsini mai tauri, ba shi da doguwar saiwa. Yana sa amai da gudawa mai tsanani, wani lokacin da jini, galibi cikin awa ɗaya zuwa uku. Babban mutum mai lafiya yakan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙaramin yaro ko tsoho ko mai juna biyu kuwa ruwan jikinsu na iya ƙarewa kafin gari ya waye.

*2. Mai jaka a gindi.* Waɗannan su ne dangin Amanita. Suna zama ne tare da saiwar itatuwa, shi ya sa ake samunsu a dazuka masu doka da makamantansu. Suna fitowa daga cikin wani farin abu kamar ƙwai. Idan naman kazan ya fasa ƙwan ya miƙe, sai ɓawon ya zauna a gindi kamar jaka ko ƙaramin ƙoƙo, sau da yawa a binne cikin ƙasa. Shafukansu galibi farare ne, kuma da yawansu suna da zobe. A cikin wannan dangi ne ake samun waɗanda suka fi kowane naman kaza kisa a duniya. Ɗaya daga cikinsu, Amanita phalloides, shi ke da alhakin kusan tara cikin goma na mace-macen gubar naman kaza. Gaskiya ne akwai 'yan Amanita da ake ci a wasu ƙasashen Afirka, kuma akwai wani nau'i daban mai jaka da ke tsirowa a ruɓaɓɓiyar tattakar shinkafa wanda shi ma ake ci. Amma suna ƙanana ko ƙwararre sai ya yi da gaske kafin ya raba su da masu kisa. Don haka dokar gida ita ce: duk mai jaka a gindi, a bar shi a daji.

*3. Ƙanana masu ɓawo, da ƙanana ruwan ƙasa.* Wasu ƙananan nau'o'i na dangin Lepiota da Galerina suna ɗauke da irin gubar da ke cikin Amanita mai kisa. Na farkon suna kama da ƙaramar laima mai ɗigo-ɗigo, na biyun ruwan ƙasa ne, suna fitowa a jikin ruɓaɓɓen icce. Ƙanƙantarsu ba ta rage musu guba ba.

*4. Na kashin shanu.* Wasu daga cikin waɗanda ke tsirowa a kan kashin shanu suna juya ƙwaƙwalwa. Wanda ya ci yakan ruɗe, ya riƙa gane-gane, ko dariya ko firgita ba dalili. Iyayen yara masu kiwo su san da wannan, domin sau da yawa akan ɗauka iska ce ta taɓa yaron.

Gwajin ƙurar iri

Akwai gwaji ɗaya da za ka iya yi a gida wanda masana suke yi su ma. Yanke hular, ka kifa ta a kan takarda, rabin takardar fari rabi baƙi, ka rufe da kwano. Bayan wasu awanni, ko zuwa safiya, ka ɗaga. Ƙurar iri za ta zuba ta bar zane.

Idan ƙurar kore ce, mai koren ciki ne, a zubar. Idan fara ce fat, ka yi tsoron Amanita ko Lepiota. Idan ruwan tsatsa ce, ka yi tsoron Galerina. Ta na suri ruwan hoda ce mai haske. Sai dai akwai wasu masu guba da su ma ƙurarsu ruwan hoda ce. Wato gwajin yana iya kama mai laifi, amma shi kaɗai ba ya wanke kowa. Sai an haɗa shi da wurin tsirowa, da tsini, da saiwa, da rashin jaka.

Maganganun da ake yi waɗanda ba haka suke ba

*"Idan an dafa sosai gubar ta mutu."* Gubar Amanita, wadda ake kira amatoksin, ba ta jin wuta. Tafasawa, soyawa, shanyawa a rana, zubar da ruwan farko, sa kanwa ko manja, babu wanda ke kashe ta. Romon ma yana ɗauke da ita, don haka wanda ya sha miya kawai bai ci tsokar ba shi ma yana cikin haɗari.

*"Idan ƙwari ko tsutsa sun ci, mutum ma zai iya ci."* Jikinsu daban da namu. Dodon koɗi da tsutsotsi suna cin naman kazan da ke kashe mutum, su wuce lafiya.

*"A ba kaza ko kare a gani."* Gubar da ke kisa ba ta nuna kanta sai bayan awanni masu yawa. Kafin karen ya kwanta an riga an cinye tuwon.

*"Mai guba yana da ɗaci ko wari."* Waɗanda suka ci Amanita mai kisa suka rayu sukan ce ya yi daɗi ƙwarai.

*"Mai guba yana baƙanta cokalin azurfa, ko ya sauya launin albasa ko tafarnuwa."* Babu abin da ke faruwa ga cokali ko albasa.

*"Mai launi shi ne mai guba, fari lafiya lau ne."* Wasu daga cikin mafiya kisa farare ne sol.

*"Waya za ta gane min."* A wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2023, an gwada manhajoji uku na gane naman kaza ta hoto. Wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu kusan rabin hotunan kawai ta gane daidai. Hoto ba ya nuna abin da ke binne a ƙasa. Haka ma amsar da wani zai ba ka a Facebook ko WhatsApp, ba a ɗora ran iyali a kanta.

Sanin gida ba ya bin mutum tafiya

Tsohuwar da ta shekara arba'in tana tsinkar naman kaza a bayan ƙauyensu ta san abin da take yi, kuma saninta abin girmamawa ne. Amma sanin na wannan dajin ne. Idan ta koma wata ƙasa, wanda ya yi kama da na gida yana iya zama wani abu daban.

An ga haka a Jamus a watan Satumba na 2015, lokacin da 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, suka kwanta a asibiti bayan sun ci Amanita phalloides suna zaton irin na ƙasarsu ne. A 2021 kuma wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, masu shekara 5 da 6, da aka kwaso daga Afganistan zuwa Foland, sun rasu bayan iyalinsu sun yi miya da naman kazan da suka tsinko a dajin da ke kusa da masaukinsu. An yi wa babban dashen hanta, duk da haka bai rayu ba.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Amaryar da aka kawo Riruwai daga wani gari, ɗan ci-rani da ya zo aikin gona Tudun Wada, makiyayin da ya sauka Falgore daga wata jiha, ɗalibin da ya zo hutu daga birni, kowannensu baƙo ne a wannan dajin. Kada ya tsinka sai tare da ɗan gari da ya daɗe yana cin wannan nau'in a wannan wurin.

Ƙa'idojin tsinka da dafawa

1. Ka ci nau'in da ka sani sani na haƙiƙa kawai. In akwai ɗigon shakka, zubar.
2. Tono kowanne da gindinsa, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya mai guba ya isa ya ɓata tukunya.
3. Kada a haɗa nau'i biyu a ƙwarya ɗaya ko a tukunya ɗaya.
4. A bar waɗanda ba su buɗe ba, domin alamominsu ba su fito ba tukuna. A bar tsofaffi da suka fara ruɓewa.
5. Abin da yara suka kawo gida, babba masani ya duba kafin ya shiga miya. Uwa, kada kunyar wanda ya kawo kyauta ta sa ki dafa abin da ba ki sani ba.
6. Kada a tsinka a gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ko a bakin titi, ko a kusa da tsofaffin ramukan kuza na Riruwai. Naman kaza yana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma daga ƙasa.
7. A dafa sosai, kada a ci ɗanye. Dafuwa ba ta kashe gubar masu kisa, amma ko nagarin yana iya ɓata ciki idan bai nuna ba.
8. A ajiye guda ɗaya ɗanye a gefe, a naɗe a takarda, har kwana biyu. Idan wani abu ya faru shi ne zai taimaki likita.
9. Idan saye za ka yi a kasuwa, ka sayi mai gindinsa a wurin wanda ka sani. Busasshe ko yankakke ba ya dubuwa. Wanda ake nomawa a gona ta musamman shi ya fi kwanciyar hankali.

Idan an ci mai guba: a duba agogo

Tambayar farko da likita zai yi maka ita ce, ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa ciwo ya fara? Amsar tana nuna irin gubar.

*Ciwon da ya fara kafin awa shida.* Galibi amai ne da gudawa da murɗawar ciki, irin na mai koren ciki. Wasu nau'o'in suna sa zufa ta karyo, miyau ya riƙa dalala, hawaye na zuba, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya, kamar wanda ya sha fiya-fiya. Wasu kuma ruɗewa da gane-gane. Duk waɗannan suna buƙatar asibiti, amma yawancin masu su suna warkewa.

*Ciwon da ya fara bayan awa shida.* Wannan shi ne abin tsoro, domin haka amatoksin take. Tana tafiya ne mataki huɗu:

- Awa 6 zuwa 24 na farko: shiru. Mutum yana harkokinsa, gubar kuwa ta bi jini ta shiga hanta, ta tsayar da aikin ƙera furotin a cikin ƙwayoyinta, sun fara mutuwa.
- Sai amai da gudawa kamar ruwa su ɓarke, da ciwon ciki, na kwana ɗaya ko fiye. Da yake damina ce, lokacin kwalara, sau da yawa akan ɗauka ita ce.
- Kwana na biyu zuwa na uku: amai ya tsaya, gudawa ta lafa, mara lafiya ya nemi kunu. Kowa ya yi hamdala. A wannan lokacin ne hanta ta fi lalacewa, kuma gwajin jini ne kawai ke nuna haka.
- Kwana na uku zuwa na biyar: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu ya yi duhu, jini na fita daga dasashi ko hanci, sukarin jini ya faɗi, mutum ya fara sambatu, ya shiga dogon suma. Ƙoda ma tana iya tsayawa.

Wannan sauƙin na ƙarya ya fi komai cin rai. Saboda shi ake fasa zuwa asibiti, saboda shi ake matsa wa ma'aikata su sallami mara lafiya. Idan shawarar ta bayyana kuma, sai a koma jiƙo da sassaƙe, a ƙara wa hantar da ke neman agaji wani nauyin.

Abu ɗaya kuma: idan an haɗa nau'o'i a tukunya, ciwo na iya farawa da wuri alhali gubar mai jinkiri tana nan tafe. Saurin farawa ba ya nufin an tsira.

Abin da za a yi a gida

- A tafi asibiti nan take, ba sai alamu sun fito ba. Duk wanda ya ci ko ya sha romon ya bi, har da masu cewa lafiyarsu ƙalau. A fara da yara da masu juna biyu da tsofaffi.
- A tafi da ragowar miyar, da ɗanyen da aka ajiye, da ɓawon da aka fere. A naɗe ɗanyen a takarda, domin leda tana ruɓar da shi. A ɗauki hotonsa ta sama, ta ƙasa, da gindi.
- A riƙe lokacin da aka ci da lokacin da kowa ya fara ciwo.
- A kan hanya a riƙa ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu na leda, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato kimanin ledar fiyawata biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.
- Kada a sa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura ruwan gishiri mai kauri don a yi amai.
- Manja da madara da nono da tsamiya ba sa karya wannan guba. Lokaci kawai suke ci.
- Kada a daka gawayin murhu a sha. Gawayin asibiti daban ne.
- Kada a sayi maganin tsayar da gudawa a kemis. Kada a sha farasitamol sai likita ya ce, domin hanta ce ke sarrafa shi.
- Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai a baki.

Abin da za a yi a asibiti

Ka fara da asibiti mafi kusa, ko na Doguwa ne, ko Tudun Wada, ko Kiru, ko Bebeji. Da ka shiga ka faɗa da bakinka: "Mun ci naman kaza na daji." Kada ka jira a tambaye ka, kada kuma ka ji kunya. Wannan jimla ɗaya tana sauya duk tsarin magani, domin in ba a ji ta ba za a yi maganin amai da gudawa ne a sallame ku.

Babban magani na farko shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, mai yawa kuma da wuri. Yana mayar da ruwan da aka rasa, yana kare ƙoda, kuma ta fitsari ne gubar take fita. Akan ba da gawayin asibiti, wanda ke kama gubar a hanji. Akan maimaita shi, domin hanta tana zubo gubar cikin hanji tare da ruwan maɗaciya, hanji kuma ya sake tsotse ta. Akwai magungunan da ake ba da su don kare hanta, kamar wanda ake kira NAC, da fenisilin ta jijiya, da silibinin inda ake samunsa. Mai zufa da dalalar miyau akwai allurar atirofin da ke yi masa aiki da sauri.

Za a auna aikin hanta da ƙoda, da sukari, da daskarewar jini. Gwajin ranar farko yana iya fitowa lafiya lau, don haka sai an maimaita shi a kwana na biyu da na uku. Idan likita ya ce a zauna, a zauna, ko mara lafiya yana zaune yana hira.

Idan ciwon ya fara bayan awa shida, ko gwaji ya nuna hanta ta taɓu, za a tura ku babban asibiti a Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Daga Doguwa tafiya ce ta awanni, kuma mutane da yawa ba sa son ratsa daji da dare. Saboda haka a fara neman mota da haɗa kuɗi tun ranar farko, tun mara lafiya yana iya zama da kansa.

Idan hanta ta mutu gaba ɗaya, dashe ne kawai ya rage, kuma ba aiki ne da ake samu cikin sauƙi a ƙasar nan ba. Ko a Amurka, a watan Disamba na 2016, mutum 14 sun ci irin wannan guba a arewacin jihar Kalifoniya, uku daga cikinsu sai da aka yi musu dashen hanta, ciki har da yarinya 'yar wata 18. Mu abin da ke hannunmu shi ne kiyayewa a daji da saurin zuwa asibiti. Waɗanda aka fara yi wa magani a ranar farko sun fi samun tsira nesa ba kusa ba, kuma hantar da ta tsallake wannan mako takan farfaɗo.

Abin da za ka riƙe

Ba a hana ka cin naman kaza ba. Wanda ka gada, ka san surinsa, ka san tsininsa da saiwarsa, ka tono shi da hannunka ka duba gindinsa, ci abinka. Wanda ya yi kama da shi kawai, bar shi inda ka gan shi. Mai jaka a gindi da mai koren ciki ba sa shiga tukunya. Idan an ci aka fara ciwo, a tafi asibiti da ragowar, a faɗi abin da aka ci. Ciwon da ya yi jinkirin zuwa ya fi haɗari, kuma sauƙin kwana na biyu ba warkewa ba ne sai gwajin jini ya tabbatar.

Ka karanta wa mutanen gida wannan bayani kafin marka ta kankama, musamman masu zuwa itace da yaran da ke bin dabbobi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana lafiya.